KWALEJIN BAKIN IYAKA: TSANIN DA 'YAN MATAN BIRNI SUKA RAINA

'Yan uwana mata, musamman ku ƙannena 'yan makaranta da ke ajin ƙarshe na sakandare, da ku da kuka gama kuna zaune a gida kuna jiran tsammani. Yau filin namu ba labarin soyayya ya ɗauko ba, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin kuwa zancen ya shafi soyayyar, ya shafi auren, ya kuma shafi irin zaman da mace za ta yi a ɗakinta nan da shekara goma.

Mu mutanen Chikaji da Sabon Gari da Samaru, Allah Ya shagwaɓa mu da makarantu. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, ga reshenta na Kongo, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan tun 1964, ga tsohuwar kwalejin horon malamai ta Gyallesu wadda aka ɗaga darajarta zuwa jami'ar ilimi, ga kuma foliteknik ta Nuhu Bamalli. Yarinya tun tana firamare take ganin 'yan jami'a suna wucewa a mota da littattafai a ƙirji, har ta girma da tunanin cewa duk karatun da ba a Samaru aka yi shi ba wasan yara ne. Ki tambayi ɗaliba goma a unguwarmu abin da za su karanta, za ki sha jin likita da lauya da haɗa magunguna, kuma duk a ABU. Ki ce da ɗaya daga cikinsu, "To in ba a samu ba fa, ko za ki gwada kwaleji?" Sai ta harare ki ta ce, "Haba Anti, ni ce zan yi NCE? Allah Ya kiyaye!"

To, bari mu duba lissafi. A shekarar 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma sakamakon farko da hukumar ta fitar ya nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba cikin 400. A shekarar an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa, aka tsayar da 100 ga kwalejojin ilimi da foliteknik. Kowa kuwa ya san 150 ɗin nan a takarda kawai take. Mai neman likitanci ko lauya a babbar jami'a ko da 250 sai ta haɗa da addu'a. Sai yarinya ta faɗi bana, ta ce baɗi. Baɗi ta zo, ta ce baɗin baɗaɗa. Tana zaune tsakanin wanke-wanke da kallon fim da waya, samari suna sallama da magariba, maƙwabta sun fara ƙananan maganganu, rannan sai Baba ya kira Mama ya ce, "Ki faɗa wa 'yarki ta fito da miji, na gaji da wannan zaman." Shi ke nan an rufe littafi. Aure alheri ne, babu mai musu, amma akwai bambanci tsakanin wadda ta shige shi da zaɓinta da wadda zaman banza ya tura ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata tafiya da na yi zuwa Gumel ta jihar Jigawa, bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata. Daga Kwangila na shiga motar Kano, daga Kano na nufi tashar 'Yankaba, muka miƙi hanyar Haɗeja ta Gezawa da Gujungu har Gumel. Tun kafin a isa za ki ga ƙasa ta sauya, yashi ya yawaita, itatuwa sun yi nesa da juna, gero da riɗi sun maye gurbin masarar da muka saba gani a ƙasar Zazzau. Daga Gumel zuwa Maigatari, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar, tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba, kuma duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, inda raƙuma da shanu da tumaki ke kwararowa daga ƙasar Damagaram, ana ciniki da naira ana yi da sefa.

Ita wannan iyaka da muke ji a rediyo kamar wata katanga, a can ba haka take ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu suka bi daji suna kakkafa alamu tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi, alamun da mutanen karkara ke kira tangaraho. Ba su tambayi kowa ba. Gonar mutum ta faɗa Faransa, gidansa ya faɗa Ingila. Kai, garin Tumbi ma da ya taɓa zama mazaunin sarakunan Gumel yau yana cikin ƙasar Nijar. Shi ya sa a gidan bikin nan rabin dangin ango daga wajen Dungas da Magarya suka zo, kuma in ba don ɗan karin harshe da kalmomi irin su "lakwal" a maimakon makaranta ba, wallahi ba ki iya bambanta su da 'yan gida.

A wannan gari ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa take. An kafa ta a 1980, lokacin Gumel tana ƙarƙashin tsohuwar jihar Kano kuma marigayi Abubakar Rimi yana gwamna, manya har yau suna kiranta da tsohon sunanta na ATC Gumel. Da aka ƙirƙiri jihar Jigawa a watan Agustan 1991 sai ta gaje ta. Ga abin da nake so ku lura da shi: daga 1991 har zuwa 2011 da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutse, shekara ashirin cur, babu jami'a ko ɗaya a faɗin jihar nan. Ta jihar ma da ke Kafin Hausa sai 2013 ta zo. Cikin waɗannan shekaru, ɗan talakan Maigatari ko Sule Tankarkar ko Gagarawa da ya gama sakandare, in ba shi da halin zuwa Kano ko Zariya ko Maiduguri, kwalejin Gumel da 'yan uwanta na Kazaure da Haɗeja da Ringim su ne ƙofar da ta rage masa. Ga 'ya mace kuwa abin ya fi haka tsanani.

Washegarin ɗaurin aure da sassafe ina zaune a tsakar gida ana dama koko, sai wata matar ɗan uwanmu ta fito da goyo a bayanta, jaka a kafaɗa, tana sauri. Na ce, "Ke kuwa ina zuwa da farar safiya, biki bai watse ba?" Ta ce, "Yaya, lakca gare ni ƙarfe takwas, in na dawo na tarar da ku." Da yamma na tsare ta muka yi hira. Ta ce mahaifinta ɗan wani ƙauye ne kusa da Maigatari, mahaifiyarta kuma daga tsallaken iyaka aka auro ta. Da ta gama sakandare ta ci jarrabawarta da kyau, amma mahaifinta ya ce shi bai hana karatu ba, sharaɗinsa ɗaya ne: 'yarsa ba za ta kwana a garin da ba shi da ɗan uwa ba. Kano ta fita, Zariya kuwa ko a mafarki. A Gumel yana da ƙanwa, saboda haka ya yarda. Tana shekara ta biyu aka yi mata aure, kuma da yake mijin ɗan garin ne, karatu bai tsaya ba. Ta ce mini, "Yaya, da a ce makarantar nan a Kano take, da yanzu takardar sakandaren tawa ɓera ya cinye ta a ƙarƙashin gado."

Wannan magana tata ta tsaya mini a rai. Mu a birni in ana zancen abin da ke hana mata karatu sai mu ce talauci, mu ce auren wuri, mu ce jahilcin iyaye. Duk akwai su. Amma akwai wani abu da ba mu cika ambata ba don mu bai dame mu ba, shi ne nisa. Uba da yawa da ake zargi da ƙin boko ba bokon yake ƙi ba, tsoro yake ji: wa zai sa mata ido, ina za ta kwana, da wa za ta yi ƙawance, in ta yi rashin lafiya wa zai kai ta asibiti? Miji da yawa da ya yi alkawari a waje cewa zai bar ki ki ci gaba, in ya ji makarantar tafiyar awa biyar ce sai ya fara kame-kame. Amma in makarantar ta acaɓa ɗaya ce, ki je ki dawo ki ɗora tukunyar dare, hujjarsa ta ƙare. Ga kuma kuɗi: babu na haya, babu na motar dogon zango, abinci na gida ne. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.

Zaman bakin iyaka kuma yana da nasa ciwon da mu ba mu sani ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ta Maigatari ba sai watan Disamban 2020. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Mu a Zariya abin da muka ji shi ne shinkafa ta yi tsada. A can kuwa kasuwa ce ta mutu, kuma kasuwar nan ita ce gonar dillali da direba da ɗan dako da mai canjin kuɗi da mai sayar da abinci. In uba ya rasa abin cefane, ku da kanku kun san kuɗin makarantar wa ake fara yankewa tsakanin na ɗa namiji da na 'ya mace. A irin wannan hali ne ake gane amfanin makarantar gwamnati mai sauƙin kuɗi wadda ke kusa da gida, domin ko abubuwa sun taɓarɓare ana iya lallaɓawa a kai ƙarshen zango.

Ba Gumel kaɗai ba ce. A Daura, wadda ita ma iyakar Kwangwalam ke bayan ɗakinta, akwai kwalejin jihar Katsina mai ɗauke da sunan Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin nan na ABU da ya rasu a 2005, wanda mutanen Samaru suka sani farin sani. A 2019 kuma aka ƙara wa garin foliteknik ta tarayya. Can tsallake, Maraɗi da Damagaram kowacce ta samu jami'arta a 2010.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda takarda ta raba abin da jini bai raba ba. 'Yar Dungas da 'yar Maigatari kaka ɗaya gare su, amma waccan da Faransanci ta yi karatu, jarrabawarta BEPC da BAC, wannan kuma da Ingilishi, tata WAEC da NECO. Kwalejin da ke kusa da waccan ta fi kusa da ita a ƙafa, amma ta fi nisa a takarda. Haka nan ɗalibanmu masu karanta Faransanci a Nijeriya sai a kwashe su zuwa Badagiri ta jihar Legas, inda aka kafa cibiyar koyon harshen a 1991, alhali ga makarantun da ake koyarwa da shi nan tsallaken tangaraho. Ga kuma wani sabon abu: a watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ni a nawa ganin, yarinyar da ta haɗa Hausa da Ingilishi a kwaleji, wadda ƙawayenta ke yi wa dariya suna cewa "Hausar me za ki karanta, ba kin iya ba?", tana riƙe da abin da za a nema ta ɓangarori biyu na iyakar.

Kada ku zaci irin wannan makaranta dabarar matalauta ce kawai. A Amurka, ƙasar da kowa ke mafarkin zuwa karatu, akwai ɗaruruwan kwalejojin al'umma na gwamnati, na shekara biyu, masu sauƙin kuɗi da sauƙin shiga, waɗanda yawancin ɗalibansu daga gida suke zuwa, wasu ma'aikata ne, wasu iyayen yara. In mutum ya gama sai ya kama aiki ko ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyun. Akwai ɗaya a garin Laredo na jihar Texas da aka kafa a 1947 a harabar wani tsohon barikin soja, daf da kogin da ya raba Amurka da Meziko, inda jama'ar garin ke magana da Ingilishi da Sifaniyanci kamar yadda ɗan Maigatari ke lissafi da naira da sefa. Su ba su ɗauke ta abin kunya ba, tsani suka ɗauke ta.

Mu ma tsanin ne. Karatun NCE shekara uku ne, ciki har da zangon da za a tura ki wata makaranta ki gwada koyarwa a gaban ɗalibai, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin ƙasa ya amince da ita ga malamin firamare. Difloma ta ƙasa a foliteknik shekara biyu ce. Wadda ta fita da sakamako mai kyau tana iya neman shiga jami'a kai tsaye ta fara daga aji biyu, kuma kwalejoji da dama suna gudanar da karatun digiri a harabarsu da haɗin gwiwar jami'o'i irin su ABU da Bayero. Ku auna da kanku: ƙawaye biyu sun gama sakandare rana ɗaya. Ɗaya ta shekara uku tana maimaita JAMB, ɗaya ta shiga kwaleji. Ran da ta farko ta samu gurbi, in ta samu, ta biyu ta riga ta karɓi takardarta, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Muciya ko Hayin Dogo, tana sayen man shafawarta da kanta, kuma in ta shiga jami'ar tana gaba da ita da aji ɗaya.

Sannan akwai abin da ya wuce amfanin kai. Ƙauyukanmu suna fama da rashin malamai mata, kuma iyaye sun fi sakin jiki su tura 'ya'yansu mata makarantar da suka san akwai mace a ciki. Malamar birni ba ta son zaman ƙauye, in an tura ta sai ta nemi canji. Don haka ne a 2008 aka ɓullo da wani shiri da tallafin UNICEF da gwamnatin Ingila a jihohin Bauci da Katsina da Neja da Sakkwato, inda aka riƙa ɗauko 'yan mata daga karkara ana biya musu karatun NCE bisa sharaɗin su koma garuruwansu su koyar. Hikimar a fili take: 'yar gari ba ta gudun garinsu.

Ba zan rufe ku ba, ba aljanna ba ce. Albashin malamin firamare a jihohi da yawa ba ya kai wata, kuma ba kowace mai takarda ke samun aikin gwamnati ba. Azuzuwan wasu kwalejojin a cike suke maƙil, ruwa da wuta sai an yi haƙuri. Yajin aiki ma ba jami'a kaɗai yake kamawa ba. A 2022 da malaman jami'a suka yi wata takwas a gida, daga Fabrairu zuwa Oktoba, malaman kwalejojin ilimi su ma sun taɓa nasu, sai dai bai kai wancan tsawo ba. Kuma a kowace babbar makaranta, jami'a ko kwaleji, ana samun ɓata-garin da ke son sayar da maki da mutuncin ɗaliba. Maganinsu ki riƙe karatunki da kyau, kada ki shiga ofis ke kaɗai, in an matsa miki ki kai ƙara, kada ki yi shiru. Ga kuma rainin mutane, wanda shi ne ya fi ci wa 'yan mata tuwo a ƙwarya. Za a yi biki a gabatar da wance 'yar jami'a, ke a ce "tana ɗan taɓa karatu a kwaleji." Saurayi ma wani sa'in sai ya yatsine fuska. Irin wannan saurayin ki gode wa Allah da ya nuna halinsa tun a zaure.

To ke ƙanwata ta Chikaji, wadda ba ki da matsalar nisa ko ta iyaka, ga makarantu kewaye da ke ta kowace kusurwa, me za ki yi? In za ki cike fom ki sa jami'ar da ranki ke so a farko, babu laifi, amma kada ki bar gurbin kwaleji da na foliteknik ga mai shagon kwamfuta ya cike miki abin da ya ga dama. Ki zaɓa da kanki, ki zaɓi darussan da kika san kina da kiredit ɗinsu, ki kuma tambayi sharuɗɗan shiga na shekarar da kike ciki daga makarantar kanta, domin ana sauya su. In sakamakonki yana da giɓi, ki tambaya ko akwai ajin share fage. ABU ma tana da irin wannan makaranta a Funtuwa. Batun kuɗi kuwa, tun watan Mayun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, har da kwalejojin ilimi, amma ki tuna bashi ne, ki yi shawara da manya kafin ki sa hannu.

In kuwa Baba ne ke ɗari-ɗari, kada ki tunkare shi da kuka ko fushi. Ki samu Gwaggo ko Kawun da yake jin maganarsa, ki rubuta musu komai a takarda: sunan makarantar, abin da za ki karanta, kuɗin rajista, kuɗin mota na sati, ƙarfe nawa za ki fita, ƙarfe nawa za ki dawo, da sunan 'yar unguwar da za ku riƙa tafiya tare. Su je masa da ita bayan sallar isha'i, lokacin da ya ci abinci ya natsu.